Ranar da Oga Sito Ya Kashe Ƙarar Birki

Shekara ashirin da takwas Oga Sito ya yi yana tsaron ɗakin ajiyar kayan gyara a wani kamfanin sufuri, kuma a duk shekarun nan bai taɓa ɗaure noti ɗaya a jikin mota ba. Aikinsa shi ne miƙo kaya ta taga da sa hannu a takarda. Amma a wajen sanin sunayen kayan, babu mai ja da shi. In ka ce masa motarka na tari, kafin ka rufe baki ya jero maka ƙarafa goma sha biyu, da lambar kowanne, da kantar da yake ajiye shi a kai. Da ya yi ritaya sai ya dawo unguwa da wannan tarin ilimi, ya rasa inda zai sauke shi sai a bencin Mai Aski.

Matarsa kuwa kaji take kiwo a bayan gida, har unguwa ta manta da wani suna nata ban da Mai Ƙwai. Da guminta ta sayi wata tsohuwar mota da take kai wa masu shaguna kaya. A makon nan ne wani babban gidan burodi ya ce ta kawo ƙwai kiret arba'in ranar Asabar kafin sha biyun rana. In ta cika alkawari, ita za ta riƙa kai musu kowane mako. In ta saɓa, akwai masu jira.

Sai ga motar ta ɓullo da wani hali. Da an taka birki sai tayar baya ta ɗauki ƙara, ƙiiii, mai shiga har cikin haƙori. Ranar Juma'a da yamma Mai Ƙwai ta ce da sassafe za ta kai wa ƙaninta Auta, wanda makanike ne, ya duba mata.

Oga Sito ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali. "Maman yara, ina raye, ina cikin gidan nan, za ki ɗauki birki ki kai wa Auta?"

"To kai zan kai wa?"

"Birkin baya nawa ya bi ta hannuna? Dubu nawa?"

"A cikin kwali dai."

Oga Sito ya miƙe. Ya shiga ɗaki, ya jawo wani allo daga bayan gado, ya jingine shi a gabanta. An rubuta da jan fenti: CIBIYAR BINCIKE DA GYARAN BIRKI. ƘWAREWAR SHEKARA 28. Ashe wata guda ke nan yana ɓoye da shi, yana jiran motar farko.

"Gobe a ƙofar gidan nan za a buɗe," in ji shi. "Awa ɗaya ta ishe ni. Kafin ƙarfe takwas kin ga motarki kamar yau ta fito daga kamfani. Kafin shekara ta zagayo kuwa, Auta da kansa zai zo neman aiki a wajena, kuma sai na yi masa jarrabawa."

Ta dube shi, ta dubi allon, ta ga yadda idonsa ke ƙyalli. Ta ce, "Awa ɗaya. In ta wuce, zan kira shi."

Ƙarfe bakwai na safe ya fito cikin sabuwar rigar aiki, shatin ninkinta ma bai baje ba. Gidansu a saman ɗan gangare yake, titin ya miƙe daga ƙofarsu ya sauka ƙasa. Mai Aski ya jawo bencinsa, Tela na shagon da ke kallon gidan ya bar kekensa ya zo ya zauna, awo rataye a wuya.

"Matakin farko," in ji Oga Sito, "bincike. Makaniken banza da guduma yake farawa. Gwani da kunne."

Ya buɗe but ɗin motar, ya naɗe ƙafafu ya shige, ya ce matarsa ta ja a hankali tana taka birki, shi kuma Tela ya sauke murfin kaɗan. Tela mutum ne mai son aiki ya kammala. Ya danna murfin har ya ce ƙwas.

Mai Ƙwai ta zaga layin sau ɗaya, ta bi ta kan ramuka uku da ba su da hanyar kaucewa, ta dawo. Aka zo buɗe but, makulli ya ƙi juyawa. Daga ciki sai bugu da wata murya kamar daga ƙasan rijiya.

"Me yake cewa?" Tela ya tambaya.

Mai Aski ya kara kunne. "Ina jin sunanka yake kira. Da na mahaifinka."

Sai da aka yi minti goma ana jijjiga murfin kafin ya buɗe. Oga Sito ya fito jiƙe da gumi, dusar kaji ta manne masa a gemu, gashin kaza ɗaya tsaye a kan hularsa. Ya ja numfashi sau uku, sannan ya ɗaga yatsa.

"Hagu ne."

"Mu daga nan ta dama muka jiyo," in ji Mai Aski.

"Kunnen da ya saba da kukan almakashi ina zai rarrabe kukan ƙarfe? Hagu na ce."

Ya ja birkin hannu har ƙarshe, ya sa jak ya ɗaga motar, ya kwance tayar hagu ta baya, ya tura ta ƙarƙashin motar don kada ta tare masa hanya. A bayan tayar akwai ƙarfen nan mai kama da tukunya da ake kira diram, wanda birkin ke cikinsa. Ya kama shi da hannu biyu ya ja. Ko gezau. Ya kafa ƙafa ya ja. Ko gezau.

"Maman yara, miƙo mini guduma."

"Ba kai ka ce makaniken banza ne ke farawa da ita ba?"

"Ai ni ban fara da ita ba. Ta biyu ce."

Ya daki diram ɗin ta sama, ya dake shi ta ƙasa, ya daki babban yatsansa, ya zaga motar sau biyu yana tsotsarsa, yana cewa duba ɗaya gefen yake yi. Kajin bayan gida suka ɗauki kuka gaba ɗaya.

"Ƙarfe takwas da rabi," in ji Mai Ƙwai daga bakin ƙofa, waya a hannunta.

Mai Aski ya gyara murya. "Oga, ni dai jahili ne. Amma birkin hannun nan da ka ja, ba shi ne ya riƙe tukunyar ta ciki ba?"

"Da haka abin yake da sauƙi, da kowane mai aski ya buɗe gareji."

Ya bari aka ɗan yi wata hira, sannan ya ce zai ɗauko tsumma a gaban mota. Ya zura hannu ta taga, ya sauke birkin hannun a ɓoye. Motar ba ta cikin giya, babu kuma ko dutse ɗaya a gaban tayoyinta. Ta yi ɗan nishi, ta matsa gaba taku ɗaya, jak ya kwanta, gindinta ya faɗo tim a kan tayar da aka tura ƙarƙashi. Tela ya tsinci kansa a bayan benci bai san lokacin da ya tsallake shi ba.

"Kun ga amfanin tayar da na sa?" in ji Oga Sito. "Duk cikin lissafi ne."

Mai Aski ya miƙe. Ya je ya ɗauko manyan duwatsu biyu ya tokare tayoyin gaba. Aka sake ɗaga motar, diram ya zame ya fito da yatsa biyu.

Nan fa Oga Sito ya samu filinsa. Ya nuna musu takalman birki guda biyu masu lanƙwasa, waɗanda ke buɗewa su danne diram ta ciki, ya faɗi lambarsu. Ya nuna sifirin ɗin da ke jawo su su koma, ya faɗi lambarsa. Ya nuna ɗan bututun da man birki ke turawa ya buɗe takalman, ya faɗi lambarsa har da ta kwalinsa. Tela ya gyaɗa kai, abin ya burge shi da gaske.

"To wanne ne ya lalace?"

"Yanzu za mu gani. Shiga ka taka birki da ƙarfi."

Tela ya shiga ya taka da duk ƙarfin ƙafar da ta shekara talatin tana taka keke. Da yake babu diram da zai tare su, takalman suka wage iya wagewa, ɗan ƙarfen cikin bututun ya yi tsalle ya fito, man birki ya yi tsiri ya sami Oga Sito a goshi.

"Tsaya! Tsaya!"

"In ƙara?"

"Na ce tsaya!"

Tela ya riga ya ƙara. Sai da aka kawo buta ya wanke fuska, sannan ya tsinto ƙarfen daga cikin ƙasa, ya goge shi a rigarsa, ya cusa shi inda ya fito. Ya sa filaya zai gyara zaman sifirin, sifirin ya kuɓuce, ya yi fiii ya haye katanga ya faɗa gidan kaji. Maza uku suka shiga nema a durƙushe. Suka fito da kashin kaji har gwiwa, zakara ya sari Mai Aski a kunne, sifirin kuwa ko alamarsa.

Suna fitowa babur ya tsaya. Auta ne, mutum mai shekara arba'in da furfura a gemu, hannayensa baƙi ƙirin da mai. Ya gaida yayarsa, ya tsuguna ya dubi tayar, ya dubi man da ya malale a ƙasa.

"Oga, sannu da aiki. Wa ya yi maka wannan ɓarnar? Faɗa mini in je in same shi."

"Aiki ne bai ƙare ba. Ido in bai ƙware ba, tsakiyar aiki ɓarna yake gani."

"Ina sifirin?"

"Yana hutawa."

"Iska ta shiga layin man nan. Sai an cire ta, in ba haka ba ka taka birki ya tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Matsa in kama maka, minti arba'in mun gama."

Da a ce babu kowa a wurin, da wataƙila ya matsa. Amma mutane sun fara taruwa: mai sayar da ruwa ya ajiye kurarsa, direban tasi ya faka, matan layin na leƙe ta ƙofofi, ga kuma allon can jingine da bango da jan fentinsa.

"Auta, ranar da na auri yayarka majina kake ja. Yau kai za ka koya mini iska? Taya ma da iska take tafiya, wa ya taɓa cewa a cire mata?"

"Oga, wannan iskar daban."

"Kada ka taɓa mini mota."

"Motata dai," in ji Mai Ƙwai.

"Kada ka taɓa mini aiki."

Auta ya miƙe, ya ja yayarsa gefe. "Yaya, ko da wasa kada ki hau motar nan. Bari in koma gareji in sa wa akori-kurata batir, in zo in kwashe miki ƙwan. Ki shirya kawai." Ya hau babur ya gangara.

Ƙarfe goma da rabi ta wuce. Mai Ƙwai ta shiga wanka ta bar kiret arba'in jere a zaure. Oga Sito ya dubi zauren, ya dubi jama'a, ya ga cewa in akori-kura ta riga shi, cibiya ta mutu tun ba a haife ta ba.

"Tela, kana da roba mai ƙarfi?"

"Ta ƙugun wando ce kawai."

"Kawo. Sifirin ja yake yi, roba ja take yi. Suna ne ya bambanta."

Ya naɗa robar ninki shida ya ɗaure takalman da ita. Sannan ya buɗe gwangwanin giris, ya dubi jama'a.

"Ku matso ku ga sirrin da makanikai ke ɓoye muku. Me ke kawo ƙara? Gogayya. Ƙofa in tana kuka me ake sa mata?"

"Mai," in ji mai sayar da ruwa.

"Allah ya yi maka albarka."

Ya lafta giris a jikin takalman, ya lafta a cikin diram, ya shafe ko'ina sumul. Direban tasi ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna yadda aka yi da Auta, ya rufe, ya je ya matsar da motarsa can gefe. Oga Sito ya mayar da diram, ya juya shi da hannu. Shiru. Ya ɗaura taya, ya sauke jak, ya ƙara man birki har ya tumbatsa.

A kan tsumma kuwa saura ƙananan ƙusoshi biyu da wani ɗan ƙarfe mai haƙora.

"Waɗannan fa?" Mai Aski ya tambaya.

"Ƙari ne. Kamfani ya saba cusa abin da ba a buƙata don ya sayar da kaya. Ni da na zauna da su na san halinsu." Ya zuba su a aljihu.

Ya sa aka taya shi loda ƙwan, but ya cika, kujerar baya ta cika har rufi, ta gaba ma ta ɗauki shida. Ya ja birkin hannu, ya kafa allonsa a gefen titi, ya sa ƙafa ya ture duwatsun nan biyu ɗaya bayan ɗaya. Motar ta tsaya cik. Wasu har da tafi.

Ya juya mata baya, ya fuskanci jama'a, ya zuba hannu a aljihu.

"'Yan'uwa, abin da kuka gani yau ba sihiri ba ne, ilimi ne. Shekaru ana cutar ku. A kwance muku lafiyayyen ƙarfe a ce ya mutu. Daga yau wannan ya ƙare a layin nan. Motar nan da kuke gani, ko mutum ashirin suka taru suka tura ta..."

"Oga," in ji Mai Aski.

"Bari in gama."

"Ai ita ba ta jira ka gama ba."

Ya waiwaya. Motar ta riga ta yi taku biyar, tana tafiya a natse kamar mai zuwa gaisuwa, babu ƙara ko ɗis. Kafin ya ɗaga ƙafa ta ƙara sauri.

Bai taɓa sanin yana da gudu irin na ranar ba. Takalminsa ɗaya ya tsaya a ƙofar gida. Ya cim mata, ya fizgi ƙofa, ya faɗa ciki da ƙafa ɗaya a waje, ya taka birki. Birki ya tafi har ƙasa, bai gamu da kowa a hanya ba. Ya sake takawa. Ya fizgi birkin hannu, sandar ta taso har kusa da kunnensa, sakayau.

"Ku tare ta! Jama'a ku tare ta! Wayyo Allah, ku tare!"

Babu wanda ya tare. Mai kayan miya ta kwashe tirenta ta haye dakali. Wani mai keke ya faɗa kwata da kansa don kada a jefa shi. A baya kuma unguwa ce gaba ɗaya ke gudu, Tela da awonsa na kaɗawa, Mai Aski riƙe da kunne, Mai Ƙwai a gabansu duka, ɗankwali a hannu, tana kiran ƙwanta, ba mijinta ba.

A ƙarshen gangaren titin ya karya kwana, kuma daidai kwanar garejin Auta yake, ƙofarsa a wangale. Titi ya karya, mota ba ta karya ba. Ta shige ciki kai tsaye, ta wuce Auta da ke riƙe da batir, ta nutsa hancinta cikin tulin tsofaffin tayoyi, ta yi baya kaɗan, ta tsaya. Kiret-kiret ɗin saman kujerar baya ba su tsaya ba. Suka zo ta kan Oga Sito suka sauka.

Auta ya ajiye batir, ya zagayo ya leƙa ta taga. Ƙwai na bin hular surukinsa yana ɗiga ta hanci.

"Oga, ka ji ciwo?"

"A'a."

"To alhamdu lillahi. Motar dai ta fi ka hankali, ta kawo kanta asibiti."

Mai Ƙwai ta iso tana haki. Ta leƙa, ta ga yana motsi. Ta buɗe ƙofar baya ta fara zaro kiret. Matan layin suka zo suka taya ta, ana ware mai rai da matacce. Aka haɗa talatin da huɗu cif. Direban tasi ya ruga gida da ita suka ɗebo uku na tsintar safiyar ranar, Auta ya sa wa akori-kura batir, aka loda, ta tashi saura minti ashirin da biyar sha biyu, direban tasin ne a sitiyari.

Jama'a ba su watse ba, don Auta ya ɗaga motar. Ya cire diram ɗin hagu, ya lakato giris da yatsa ya nuna wa kowa. Ya zaro robar wando ya miƙa wa Tela. Ya buɗe tafin hannu a gaban Oga Sito, shi kuma ya zaro ƙusoshin da ɗan ƙarfen mai haƙora daga aljihu ya zuba masa, yana kallon wani wuri daban.

"Waɗannan su ke riƙe takalman. Wannan kuma shi ke daidaita su. Da yake babu shi, wayar birkin hannu ta saki, ta saki ɗaya gefen ma." Ya zagaya ya buɗe tayar dama, cikin minti biyar. Takalman can sun cinye har ƙarfe na cin ƙarfe. "Ga mai ƙarar nan. Na hagu lafiyarsa ƙalau har ƙarfe bakwai na safiyar yau."

Mai Aski ya yi tari sau biyu, mai ƙarfi.

Auta ya kawo kwano da fetur da tsumma, ya ajiye a gaban surukinsa, ya ɗora masa diram ɗin. "Wanda ya shafa shi ya fi sanin inda ya shafa."

Ƙarfe ɗaya da wani abu Mai Ƙwai ta dawo. Mai gidan burodin ya karɓi talatin da bakwai, ya ɓata rai, ya ce zai sake gwada ta mako mai zuwa, amma bai yi alkawarin komai ba. Ta sauko ta tarar da mijinta zaune a kan tsohuwar taya, ƙafa ɗaya babu takalmi, ƙwai ya bushe masa a gira, yana dirzar diram. Da ya gan ta sai ya ɗago kai, ya dubi sauran mutanen da ke wurin, ya gyara zaman hularsa.

"Duk abin da za a faɗa a faɗa," in ji shi. "Amma a yi mini adalci. Ƙara aka kawo mini, ko ba haka ba? To tun daga ƙofar gida har cikin garejin nan, wa ya ji ƙara?"

Mai Ƙwai ta zare makullin motar daga inda yake, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

"Duk unguwa ta ji, Baban yara," ta ce. "Taka ce."